Kwalaben Torika Sun Koma Ba Suna

Gwaggo Losana, ki taimake ni da shawara, don abin ya kai inda ni kaɗai ba zan iya ba. Na san na girme ki, ƙila ma da nisa, amma tunda duk ƙasar nan Gwaggo ake ce miki, ni ma na bi sahu. Ban taɓa kai kukan gidana wurin kowa ba. Ni ake kawo wa ƙara a ƙauyenmu, in zauna in raba gardama, a tashi kowa ya gamsu. Yau ga ni ina rubuta wa jarida. Na sauya sunayen mutanena, ko da yake duk wanda ya taɓa lasar zumata zai gane ni tun bai kai ƙarshe ba, kuma ban damu ba.

Ni mai kiwon zuma ne a tsibirin Kadavu. Ba yabon kai ba, ki tambaya daga nan har Suva, babu zumar da ta kama ƙafar tawa. Da amya biyu na fara a kan dutsen bayan ƙauyenmu, lokacin mutane na yi mini dariya wai na bar noman gwaza na koma kiwon ƙwari. Mahaifiyata, wadda kowa ke kira Bubu Sala, ita ce ba ta yi dariya ba. Ita ke ɗura zumar a kwalaben lemo ta hau jirgin ruwa ta kai kasuwar Suva, babban birninmu, kuma ita ta kafa mana dokar da muke kai har yau: ba a yanke saƙar da ƙudan ba su gama rufe ta da kaki ba, ba a sayo ta wani a haɗa, in ta ƙare a ce ta ƙare. Masu saye ba su san sunana ba. Ta Bubu Sala suke tambaya, har bayan da ta rasu.

Ina da 'ya, Torika. Yayyenta maza duk sun watse, wannan soja, wancan direba a birni, ko ƙugin ƙudan zuma ba sa son ji. Ita kuwa tun tana ƙarama take bina dutse, ta sha harbi fuska ta kumbura, gari na wayewa ta riga ni fita. Da ta gama makaranta aka ba ta aiki a Suva, ta ƙi, ta dawo. A lokacin wasu marasa tsoron Allah sun fara dafa sukari suna ɗurawa a kwalba suna cewa ta Bubu Sala ce. Torika ta zauna ta zana jan akun nan na tsibirinmu a kan reshe, ta rubuta sunan kakarta a ƙasa, ta ce mu je mu yi masa rajista a matsayin alamar kasuwanci. Na yi mata tsiya son raina, na ce yanzu sunan uwar tawa ma sai na je ofis na nemi izinin gwamnati? Ta ce, "Baba, ba izini za ka nema ba, shinge za ka yi." Muka je. Aka rubuta da sunana, tunda ni ne uba. Ba a jima ba wani ɗan kasuwa ya kwaikwayi akun, takarda ɗaya lauya ya aika masa ya kwashe kayansa daga kanti. Ranar na yi tafiya a titin Suva kamar ni na gina garin.

Ki bari in ƙara miki ɗaya, don ki san wace ce yarinyar nan. Shekarar da guguwa ta share mana amyoyi, ko cokali ba mu samu ba. Manajan wani otal da muke kai wa ya bugo waya yana roƙo, wai mu sayo ko ta ina ce mu liƙa akunmu, ba wanda zai sani. Ina zaune Torika ta ce masa, "Yallaɓai, ka ba baƙinka sukari ka gaya musu sukari ne, mu sai baɗi." Muka wuce shekarar nan da rogo da kifi. Da zuma ta dawo, shi ya fara layi. Yanzu gwiwoyina sun ƙi dutse, ita ke hawa, ita ke hayaƙi, ita ke tacewa, ni nawa zama a inuwa da ɗanɗanawa. Na daɗe da niyyar in kai ta Suva in mayar da alamar da sunanta. Ban gaya mata ba, amma ai ba sai an faɗa ba, ta sani.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ina da ƙanwa, Vasiti, mijinta ya rasu, ɗanta Ilaitia ke riƙe da ita. Yana Sydney a Ostareliya, yana da kantin kayan abincin gida, kuma yaron kirki ne, ba zan ɓata shi ba. Shi ya sauya mana rufin coci. Shi da Torika taubasai ne na gasken gaske, in suka haɗu sai an toshe kunne. Ita ta ce masa ragon maza, don wata rana ƙudan zuma ɗaya tal ya harbe shi a leɓe ya zura da gudu ya faɗa teku da takalmansa. Shi kuma ya ce mata matar ƙwari, wai duk mai son aurenta sai ya zo da hayaƙi. Haka suke tun suna yara.

Ranar da aka fitar da makokin yayana, Ilaitia ya zo da dangin mahaifinsa, da tabarmi da bandir-bandir na yadi da garwar kananzir, abin dai a zo a gani. Aka zauna, aka sha yangona, jiƙon saiwar da muke sha a taron al'ada, ni ne a sama tunda yanzu ni ne babba. Sai mai magana da yawunsu ya durƙusa ya fito da tabua, haƙorin ƙaton kifin teku, irin wanda ya tsufa ya yi ja, da igiyarsa ta saƙar ɓawon kwakwa. Gwaggo, kin san ba a fito da wannan don ƙaramar magana. Ya yabi gidanmu, ya yabi Bubu Sala har idona ya kawo ruwa, sannan ya ce ɗan 'yar'uwarmu, vasu ɗinmu kamar yadda ake kiransa a al'adarmu, ya zo roƙon sunan kakarsa da akun da ke kansa, zai haye teku da su.

Ba zan ce ban gane ba. Na gane sarai. Amma wane kawu ne zai ce wa ɗan 'yar'uwarsa a'a a gaban dangi biyu? A al'adarmu ko kwale-kwalena ya nuna da yatsa ya zama nasa. Kuma in gaya miki gaskiya, kaina ya kumbura. Sunan da aka fara a kwalbar lemo, yau shi ake roƙo da tabua kamar ana neman auren 'yar sarauta, a gaban mutanen da suka yi mini dariyar kiwon ƙwari! Na miƙa hannu na karɓa, na yi jawabin da har yanzu ana maganarsa a ƙauye, aka tafa. Torika tana can baya cikin mata tana raba abinci. Na dawo gida na rataye haƙorin kusa da wanda Bubu Sala ta bar mini, wanda nake ajiye da shi don wata babbar rana.

Ni a zatona yaron zai riƙa ɗaukar zumarmu yana sayarwa a can, sunan yana ƙara nisa. Sai ga takarda daga lauyansa, wai in sa hannu na mallaka masa alamar gaba ɗaya, suna da zane, har abada, a kai ofis a cire sunana a sa nasa. Na kira shi. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Kawu, amyoyinku ba za su cika ko kanti ɗaya ba. Zan sayo zuma durom-durom daga inda ta samu, in ɗura a can. Sunan Bubu zai shiga ko'ina, ku ma za ku ji a jikinku." Na ce Torika fa? Ya ce ai ba matsala, matar ƙwari ta ci gaba da aikinta, zai ba ta izini ta liƙa akun. Ki ji fa. Akun da ta zana da hannunta, shi ne za a ba ta izini.

Torika ta ji labari, ta ci gaba da aikinta. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Tana hawa dutse, tana tacewa, tana ɗurawa, amma ta daina liƙa takarda. Kwalabe na nan jere a ɗakin tacewa tsirara, ba aku ba suna. Da na tambaye ta, cewa ta yi, "Baba, ba na liƙa sunan mutane ba da saninsu ba." Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da Ilaitia ya kira a waya na miƙa mata. Ina jira in ji ragon maza, sai na ji tana gaishe shi cikin ladabi, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, kamar tana magana da jami'in haraji. Shi kansa daga baya ya tambaye ni ko ba ta da lafiya ne.

Vasiti kuwa kin san ni da ita ba ma zama mu yi doguwar magana, haka aka raine mu, sai dai saƙo. Saƙon da ke zuwa shi ne dangin mijinta suna ta yabon gidanmu, ita kuma kanta a sama. In na janye, da wane ido za ta dube su? Ni kuma tun da nake ban taɓa yin magana biyu ba, da wannan aka san ni. In na sa hannu, na cika alkawari, amma sunan uwata zai hau kan zumar da ban san daga ina take ba, 'yata kuma ta koma 'yar aiki a gonar da ta share. In na ƙi, na zama dattijon da ya karɓi tabua ya ci amanarsa. Takardar na nan a ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki, lauyan yana ta tuni. Gwaggo, in sa hannu ko kada in sa?

Mai Zuma, Mai Magana Ɗaya
Kadavu

AMSAR GWAGGO LOSANA

Baba Mai Zuma, na gode da girmamawa, kuma tabbas na gane ka, akunka na kan teburina yanzu haka, saura kaɗan a gindin kwalba. Amsa a taƙaice: kada ka sa hannu a wannan takarda. Amma kada ka tsaya nan, don ƙin sa hannu kaɗai ɓarna zai ƙara.

Mu fara da doka, tunda ita ce mai sauƙi. Na tambayi wata lauya da ta san harkar. Alamar kasuwanci dukiya ce kamar gona, kuma ba ta sauya hannu da jawabi, komai daɗinsa. Sai an rubuta, ka sa hannu, an kai ofishin rajista an shigar. Har yanzu taka ce. Amma ranar da ka sa hannu a kan mallakawa gaba ɗaya, ta tafi ke nan. Sabon mai ita na iya liƙa ta a kan abin da ya ga dama, ya sayar wa wani, ko ya hana Torika amfani da ita in ransa ya ɓaci, ko in magadansa ba su san ta ba. Akwai hanya ta biyu da takardar da aka aiko maka ba ta ambata ba, wato ba da izini. Wannan aron gona ne: mutum ya noma bisa sharaɗi, gonar tana hannun mai ita. Ka sami lauyanka na kanka, kada ka dogara da na Ilaitia, ba don mugu ba ne, don dai shi wanda ya ɗauke shi yake yi wa aiki. Ka kuma tambaye shi batun rajista a Ostareliya, domin shingen da kuka yi a nan bai haye teku ba.

Yanzu Ilaitia. Ina so ka yi masa adalci, kai da Torika. Yaron nan da ya so, da ya sa an zana masa wani jan tsuntsu a Sydney ya ci kasuwarsa ba ku sani ba. Bai yi haka ba. Ya biyo ta ƙofar gida, da dangi da tabua, kuma Bubu Sala kakarsa ce kamar yadda take kakar Torika. Da ka tambaye shi ma bai yi maka ƙarya ba. Kuskurensa ɗaya: ya ɗauka suna ne ke sayar da zumar. Bai san shekarar rogo da kifi ce ke sayar da ita ba. In aka ɗura zumar durom a ƙarƙashin akun nan, kafin a je ko'ina sunan ya mutu, shi ma ya tashi a tutar babu.

Sai batun magana ɗaya, wanda na ga shi ke hana ka sakat. Baba, ka fi ni sanin al'ada, kai ke raba gardama. Ka san tabua ba a jefar da shi, ba a kuma mayar da shi kamar kayan da ba a so, amma ana amsa shi da ɗan'uwansa. Kakanninmu sun bar wannan ƙofa ne don sun san mutum kan karɓi abu a gaban jama'a, ya koma gida ya ga nauyinsa. Ba cin amana ba ne, biyan girma da girma ne. Ka ce akwai wanda mahaifiyarka ta bar maka kana jiran babbar rana. Wace rana ce za ta fi wannan? Ka sauke shi, ka tara mutanenka, ku je ƙauyen mahaifin Ilaitia da ƙafarku, ba ta waya ba. Dattijo irinka ya taka ya durƙusa a gidan surukai, wannan ba zai sunkuyar da kan Vasiti ba, ɗaga shi zai ƙara yi. Ka aika mata saƙo tun kafin ku tashi, kada ta ji a bakin duniya.

Kuma kada ka je hannu rabbana. Ka tafi da abin da za ka ba yaron: shi kaɗai ne zai sayar da zumar Bubu Sala a ƙetare, da sunan da akun, a rubuce, bisa dokar kakarsa. Zumar dutsenku kawai, ko ta maƙwabtan da Torika ta koya wa aiki ta kuma yarda da tacewarsu. In yana son yawa, ya zuba kuɗinsa a sababbin amyoyi a tsibirin. In yana son ta durom, halalinsa ne, ya nema mata wani suna. Zai iya jin zafi da farko. Ka bar shi ya ji, ɗan kasuwa ne, zai gane kaɗan mai tsada ta fi mai yawa da ba a komawa saye.

Amma ka lura da jerin aikin, don a nan mutane ke tuntuɓe. Kafin ku je ƙauyen, ka ɗauki Torika ku hau jirgi zuwa Suva ka mayar da alamar da sunanta, a rubuce, a shigar a rajista. Ta haka izinin da za a ba Ilaitia daga hannunta zai fito, ba daga naka ba. In ka bar ta da sunanka kana jiran wata Kirsimeti, wata rana za a wayi gari ta zama gado, soja da direba su zo da nasu ra'ayin, ka bar wa yarinyar nan rigimar da ta fi ta yau.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. Ka rubuto mini shafi guda kana yabon Torika, har na ji kamar in hau jirgi in je in gan ta. Sannan ka ce ba ka gaya mata ba, ai ta sani. Me ta sani, Baba? Abin da ta gani da idonta shi ne tana raba abinci a bayan taro, ubanta ya miƙe ya yi kyauta da aikin rayuwarta, jama'a suka tafa. Ka ce ba ka taɓa magana biyu ba, na yarda. Amma akwai maganar da ko sau ɗaya ba ka yi ba. Yau ɗin nan, kafin lauya, kafin jirgi, ka shiga ɗakin tacewa ka same ta a cikin kwalabenta, ka gaya mata abin da ka gaya mini. Ranar da za ku kai tabua kuma, ka zaunar da ita kusa da kai, ka maimaita shi a gaban mutanen da suka tafa maka. Ka iya jawabi, ƙauye ya shaida. Wannan karon ka yi shi a kanta.

Za ka san abin ya gyaru ranar da ka ji ta ɗauki waya ta ce ragon maza. Allah ya ƙara wa gwiwoyinka lafiya, ya sa dutsenku ya yi fure, ya haɗa kan taubasan nan. Kwalbata ta kusa ƙarewa, amma ba na son tsirara. Zan jira har mai akun ta liƙa shi da hannunta.

Gwaggo Losana